Ɗigo Uku a Hannun Cima

Shekara ashirin da shida na yi ina wanke gyambo a asibitin mishan, har na kai ga ɗauka cewa babu abin da mutumin Adar zai yi ya ba ni mamaki. Cikinsu aka haife ni, furarsu na sha, kafin babana ya bi masu wa'azi ya kawo mu nan bakin gudron, wato babban titin kwalta. Sunana Hulda. Marasa lafiya suna ce mini Malama, ma'aikata kuma a bayan idona suna ce mini Barkono, sun ɗauka ban sani ba.

Bayan girbin 1996 aka kawo mana Cima daga wani ƙauye kusa da Karofane. Ta je yankan harawa a gonar mijinta, yaɗon wake ya sarƙe mata ƙafa, ta faɗi a kan lauje. Laujen ya shiga hannunta na dama ta ciki, sama da wuyan hannu da kamar yatsa huɗu. Mijinta Malam Tsoho ya ɗaure wurin da rawaninsa, ya ɗora ta a amalanke har Buza, daga can suka sami mota. Jini kam ya tsaya. Abin da ya tafi shi ne ji. Babban yatsa, manuni da na tsakiya, ko allura ka soka mata sai dai ta dube ka.

Cima makitsiya ce, kuma ba irin mai kama kan maƙwabciya don zumunci ba. Har daga Tabotaki ake aiko jaki a ɗauke ta in za a yi biki. Ko da ta farfaɗo daga maganin barci, ba ta tambayi 'ya'yanta ba, ba ta nemi ruwa ba. Ta kama bakin rigata da hannun hagu.

"Malama, ki hwaɗa mini gaskiya. Hannun ga shina komawa kitso?"

Na ce mata yatsun za su motsa, Likita ya ɗinke abin da ke jan su.

"Ba motsi ni ka tambaya ba," in ji ta. "Kitso ba da ido aka yin shi ba. In ban ji gashi ba, mi zan kama?"

Likita Jonatan ne ya yi mata aikin. Ni na goya shi yana jariri, babansa Fasto Ishaya maƙwabcinmu ne. Ya yi karatu a Yamai da Dakar, ya dawo da tabarau da son bayani. A gaban marasa lafiya Likita nake ce masa, in mun shiga ɗakin wanke ciwo sai ya koma yaron da na sani. A can na tare shi washegari da tambayar Cima. Maimakon ya amsa, sai ya jawo wata mujallar likitoci, irin waɗanda ke iso mana bayan wata shida da fitowarsu, duk kusurwa a lanƙwashe.

"Inna, jijiyar ji ba igiya ba ce, rai gare ta. Uwarta tana can wajen wuya, kusa da ƙashin baya. Zarenta ne ya miƙo har kan yatsa. Hwatar yatsa tana yin wani sinadari, jijiya ta karɓa ta aika ma uwar. Muddin saƙon na isa, uwar ta san ana bukatarta."

"To yanzu da lauje ya raba su fa?"

"Saƙo ya yanke. Wasu uwayen za su daure su sake tsiro, wasu su mutu. Amma dibi abin da anka rubuta nan." Ya ɗora yatsa a kan wani zane. "Jijiya tana da ƙohwa biyu na karɓar saƙon. In ya shiga ta guda, sai ta rayu ta yi tsawo. Ɗayar kuwa, in ita kaɗai ta rage, sinadarin nan dai shi ke sa jijiya ta kashe kanta."

Na ce ban taɓa jin abincin da ke rayar da mutum kuma ya kashe shi ba, sai fa in tuwon matarsa ne. Ya yi dariya, ya ce masu binciken ma ba su gama ganewa ba, a kan ɓeraye suke yi. Abin da shi ya tabbata da shi kaɗan ne. Jijiyar da ya ɗinke za ta riƙa tsiro milimita ɗaya a yini, abin da ya ɗan fi faɗin yatsa a wata. Daga inda aka yanke zuwa kan yatsa tafiyar wata takwas ce ko fi. Duk abin da ya tsayar da ita a hanya, lokaci yake ci, kuma kowane wata da ya wuce a banza, wasu uwayen sun tafi ba za su dawo ba.

Na koma na gaya wa Cima cewa jijiyarta ta kama hanya, tana zuwa, amma a ƙafa take tafe. Ta ce in dai tana tafe, ita mai jira ce.

Akwai hanyar sanin inda jijiya ta iso, kuma ba ta bukatar na'ura. Sai ka riƙa ƙwanƙwasa hannun da kan yatsa, daga ƙasa kana hawa. In ka taɓa daidai bakin sabon tsiron, mara lafiya zai ji wani abu ya tsarga masa har yatsu. Na daɗe ina yin wannan. Nawa ƙarin shi ne, duk inda aka ji tsargawar sai in ɗiga maganin nan mai launin shuni da muke shafa wa gyambo, don mara lafiya ya ga tafiyar da idonsa. Ni na ƙirƙiro dabarar, kuma ina alfahari da ita, har ɗalibai nake koya wa.

Cima tana zuwa duk ranar kasuwar Madawa ta farkon wata. Zuwan farko na ɗiga mata ɗaya, ƙasa kaɗan da ɗinkin. Da ta dawo sai na tarar ɗigon yana nan raɗau, alhali maganin ba ya wuce kwana goma. Ashe da shunin da take sa wa gashin amare take sabunta shi kowace safiya. Na ɗiga na biyu, ta auna tsakaninsu da yatsa, ta yi guɗa a cikin ɗakin wanke ciwo har mai gadi ya leƙo. A wata na uku ɗigon ya sauka daidai kan wuyan hannu, inda fata ta fi laushi.

Ranar ce ta ce mini hannun ya fara ciwo. Wani irin zafi, in ji ta, kamar an zuba mata cinnaku a cikin fata, ba ya barin ta ta runtsa. Ranar muna da mutum sittin a layi, ga wata mai naƙuda tana ihu. Na ce mata wannan ciwon alheri ne, jijiya ce ke farkawa, na ba ta ƙwayoyi goma, na kira na gaba. Iyakar bayanin da na yi mata ke nan, kuma har yau yana ci mini rai.

Wata na huɗu ba ta zo ba. Na jira mako guda, sannan na shiga motar da ke kai allurar rigakafi ƙauyukan Buza, na ce su ajiye ni a mararraba. Na isa gidan da hantsi. Malam Tsoho ya tarbe ni da fara'a, ya shimfiɗa tabarma, ya ce ai da ma yana shirin aiko mini da albishir, ciwo ya tafi, Cima tana barci lafiya lau kwana ashirin ke nan.

Na ce a kira mini ita. A aikinmu, ciwon da ya ɗauke farat ɗaya ba kullum sauƙi ne ba.

Cima ta fito da hannu a naɗe cikin tsumma. Na kwance. Tabon wuta uku ne a jere, kowanne kamar bakin ƙaramin ludayi, biyu sun fara bushewa, na wuyan hannu yana ruwa. Lalas aka yi mata, wato an gasa ƙarfe a wuta an ɗora a kan ciwo don a kore shi. Kuma ba a ɗora shi ko'ina ba sai daidai kan ɗigona uku, babu wanda ya kauce ko da ƙwayar gero.

Na tambayi wanda ya yi. Aka ce Ayuba wanzami, wan Cima ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce a kira mini shi. Kafin ya iso na riga na jera abin da zan faɗa masa, kuma babu mai daɗi a ciki.

Sai ga dattijo dogo, mai tsabta, da zabirarsa a rataye. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar wata gimbiya. Ban bar shi ya gama ba. Na ce wa ya sa shi, wa ya aike shi, ya san abin da ke ƙarƙashin fatar nan kuwa? Na ce wata huɗu muna lallaɓa abu kamar ƙwai, shi ya zo da ƙarfensa a yini ɗaya. Mata suka leƙo ta kan danga. Ya bar ni na ƙare tas.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ni ban yi karambanin sanin abin da ag ga ciki ba. Ku kunka sani. Shi ya sa ban taɓa ko'ina ba sai inda kinka nuna."

"Ni na nuna?"

"Ga shaida nan kin sa, har uku. Mu nan in mutum na ciwo, mai gida shi ka ɗiga toka ko gawayi inda ciwon yake, kahin in zaka. Ni ko in bi shaida. Da nig ga na likita, nic ce to, sun gano mazaunin ciwo, wuta ce dai ba su sa ma mutane. Sai nic cika muku aikin."

Na dafa cikina. A nan, ƙarƙashin zanen da nake ɗaure da shi, akwai tabo huɗu irin waɗannan. Ina shekara biyar na yi ciwon saifa, kakata ta ɗiga mini toka, wanzami ya bi. Na san wannan al'ada tun kafin in san harafin A. Shekara da shekaru ina ɗiga wa mutanen ƙauye shaida a jiki ina sallamar su gida, ban taɓa tsayawa na tuna yadda za a karanta ta a can ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, don ni na tara matan da ihuna.

Amma kunya ba ta warkar da hannu. Na kama hannun Cima na fara ƙwanƙwasawa daga tafi ina hawa. Shiru. A kan tabon wuyan hannu ba a iya taɓawa, ɗanye ne. Sai can sama, wajen ɗinkin, ta ce ta ji wani abu kaɗan. Ko jijiyar ta ƙone a wuyan hannu, ko wutar ta firgita ta ne kawai ta yi tsit, babu yadda za a yi in sani daga waje. Mutum ɗaya ne ya san zurfin da ƙarfen ya shiga, ga shi durƙushe a gabana.

Na sauke murya na ce, "Wanzam, nuna mini yadda ka ɗora."

Ya ciro ƙarfen daga zabira, sanyi ƙalau, ya kama hannuna. A sama ya danna har na ji nauyinsa, ya ƙirga uku. A na biyu ma haka. Da ya zo wuyan hannu sai ya taɓa ya ɗage, kamar mai gwada zafin tukunya.

"Nan ba a dannawa," in ji shi. "Hanyar jini na kusa. Ubana ya hana ni, shi ma ubanai ya hana shi. Hwata ɗai nit taɓa."

A sama jijiyar tana da nama a kanta. A wuyan hannu ne take kwance kusa da fata, kuma nan ne bai danna ba. Na dube shi da kyau. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aski da kaciya ya san nauyin hannunsa fiye da yadda ni na san nawa. Na yarda da shi.

Na wanke ƙunar, na sa magani, na naɗe. Sannan na zauna na yi bayanin da ya kamata in yi tun wata guda da ya wuce, a gaban Malam Tsoho da Ayuba da duk matan da ke kan danga. Na ce ciwon nan zai dawo in Allah ya so, kuma in ya dawo a yi murna, kada a kore shi. Na ce shaidar ba mazaunin ciwo ba ce, zangon da jijiya ta kwana ne. Na koya wa Ayuba ƙwanƙwasawa. Ya iya nan take, hannunsa ya fi na ɗalibaina. Muka yanko karan gero, muka daidaita gindinsa da ɗinkin, na ce duk Juma'a in ya sami wurin tsargawa ya yi tsaga a jikin karan. A jikin kara, na maimaita, ba a jikin ƙanwarsa ba. Ya yi murmushi ya ce ya ji.

Da na koma na gaya wa Jonatan, sai ya cire tabarau ya riƙe kai. Ya ce a kawo ta ya buɗe wuyan hannun ya gani. In jijiyar ta ƙone, gara a yanke wurin a sake haɗawa yanzu, kafin uwayen su ƙare. Na ce in kuma ba ta ƙone ba fa, ka shiga da wuƙa cikin ɗanyen ƙuna, ka tsinke tsiron wata uku da hannunka?

"Inna, maganar wanzami za mu bi?"

"Maganata za ka bi. Ba ni mako shida."

"In mako shida ya wuce a banza, kin san abin da munka yi hasara."

Na ce na sani, shi ya koya mini. Sai ya rubuta kwanan wata a jikin katin Cima ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ban nuna masa ba, amma makonnin nan ban ji daɗin abinci ba. Duk safiya a wurin addu'ar ma'aikata sai na sa sunan Cima, har Fasto ya tambaye ni ko 'yar'uwata ce.

Ana saura kwana huɗu wa'adin ya cika, ina tsakiyar cire wa wani zare, na ji ana gardama da mai gadi a ƙofa. Ayuba ne, yana riƙe da karan gero kamar sandar sarauta, mai gadi yana cewa ba a shiga da itace. Cima tana bayansa, fuska a yamutse, ta rungume hannu.

"Malama, ciwon ki ya dawo," in ji ta. "Kwana tara ban yi barcin kirki ba. Kin ce in yi murna, to ga ni, ina yi."

A jikin karan akwai tsaga biyar. Uku na farko a wuri ɗaya suke, kan juna. Ta huɗu ta matsa kaɗan. Ta biyar ta wuce tabon wuyan hannu sarai. Na kira Jonatan, ya zo da safar aiki a hannu. Shi da kansa ya ƙwanƙwasa gindin tafin, Cima ta zabura ta fizge hannu ta ce masa wani abu da ba a faɗa wa likita. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "To, Inna."

Daga ranar na daina ɗiga wa kowa shaida a jiki. Kara muke ba su, ko zare mai ƙulli.

Tafiyar ta ɗauki fiye da yadda muka lissafa. Sai da damina ta zo ta wuce, aka sake girbi. Babban yatsa ya fara dawowa, sannan manuni. Na tsakiya bai dawo ba, har yau in ta taɓa abu da shi kamar da itace ta taɓa. Jonatan ya ce wataƙila uwayensa na cikin waɗanda ba su jira ba. Ko lauje ne ya ci su, ko makonnin da wuta ta tsayar da tafiyar, babu mai iya cewa. Ni dai na san rabona a ciki.

Zuwanta na ƙarshe, Jonatan ya kawo auduga da allura zai gwada ta yadda littafi ya ce. Cima ta ture su. Ta ce in zauna a ƙasa in cire kallabi. Na zauna a barandar ɗakin wanke ciwo, ni da ake tsoro, ma'aikata suna wucewa suna ƙunshe dariya. Ta sa aka ɗaure mata ido da nata kallabin, ta ce ba ta son ido ya taimaki hannu ya yi mata ƙarya.

Ta tsaga gashin, ta fara. Hannun yana rawa, tana ja da ƙarfi fiye da kima, sau biyu gashin ya kuɓuce mata. Layi ɗaya da da take gamawa kafin a sha ruwa, sai da ya ci kusan rabin awa. Ta kama na biyu ta kai ƙarshe. Ni kam na riga na fara cewa madalla, ya yi, ya yi kyau.

Na ji babban yatsanta da manuni sun koma farkon layin, suna bin sa a hankali, tudu bayan tudu. A tsakiya suka tsaya. Suka koma baya, suka sake tsayawa a wurin. Sai na ji ta fara warwarewa.

"Cima, me ya faru? Bar shi mana."

"Ya karkace nan," in ji ta, ido a ɗaure. "Sili biyu sun ƙetare. Na ji su, Malama. Zamna da kyau, ba ki hita da wannan a kai a ce ni nay yi."